Kafofin da Goggo Dije Ta Toshe

Injamena, Nuwamba 1994

Zuwa ga Hidaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da nauyin da kike ɗauke da shi. Ki gaishe min da Yaya Ladan da iyalinsa, tunda a shagonsa take fara sauka kafin ta iso hannunki. Ni lafiyata ƙalau, murar da na yi ta sake ni. Abin da ke damuna kin san shi, ba sai na rubuta ba.

An sauya min aiki a gidan Baturen. Na bar sharar ganye da ban ruwan fulawa. Kin tuna tafkin wankan da na ba ki labari, wanda suke kira pisin? Ashe in sanyi ya shigo ɗumama shi ake yi, don matar patron, wato Baturen, ba ta fashin iyo. Akwai wata tsohuwar tukunyar gas a bayan katangar tafkin, ta girme ni nesa ba kusa ba. Baba Abdulgani ne ke kula da ita tun zamanin masu gidan na farko. Yanzu idonsa ya yi rauni zai koma gida, sai ya ce wa patron a ba ni, wai ni ba ni da garaje.

Ya daɗe yana nuna min kafin ya bar ni na taɓa ashana. Da farko sai na durƙusa na sunsuna ƙasa, domin gas ɗin kwalba nauyi gare shi, in ya zurare ƙasa yake kwanciya kamar ruwa. Sannan na shafa kumfar sabulu a duk mahaɗar tiyo, inda ya yi ƙwai to nan yake yoyo. Ba a kunna wuta sai injin tura ruwa ya tashi, in ba haka ba tukunyar ta ƙone cikinta. Akwai 'yar ƙaramar wuta da ake fara kunnawa da dogon tsinke, ita ce ke kama babbar. In ta ƙi kamawa ba a sake gwadawa nan take, sai a rufe kan kwalba a buɗe ƙofa a je a zauna. Baba Abdulgani ba shi da gira ɗaya, ya ce ranar da ya yi gaggawa ce ta tafi. Wutar kuma shuɗiya ake son ta gani, tana ci shiru. Wallahi in ta kama kyau gare ta, nakan tsaya ina kallo.

To ga maganar da na zauna rubutawa. Aikin da ɗaki yake tafe. Ɗakin a jikin na tukunyar yake, asalinsu ɗaya ne aka raba da bangon da bai kai rufi ba. Da siminti a ƙasa, da ƙofar ƙarfe, da wasu kafofin iska sama da ƙasa an sa musu raga. In an kunna wuta bangon ɗumi yake ɗauka har gari ya waye. Ranar da na fara kwana a ciki ke na tuna, da yadda kike naɗe ƙafa da zani in sanyin Azare ya sauko.

Na je unguwar Mursal na gaida Goggo Dije. Kin san tunda Inna ta rasu ba ki da wadda ta fi ta kusa da za ta yi miki wankan jego. Ɗakinta ɗaya ne, ga matar ɗanta da yara, babu inda za a kwantar da mai jego. Amma ta ce in kin zo za ta tare a nawa ɗakin har ki yi arba'in, ni na koma rumfar mai gadi. Na tambayi patron, ya ɗaga kafaɗa ya ce matsalata ce, ban da kuka kusa da tagarsa. Ruwan zafi kuwa ba sai an nemi itace ba.

Ki roƙi Yaya Ladan ya bar ki ki taho kafin tafiya ta yi miki wuya. Ina so in kin sauka a ce ina bakin ƙofa. Ilyasu direba ne zai kawo wannan, ki ba shi amsa in zai juyo.

Mijinki,
Muntaka

Azare, Nuwamba 1994

Zuwa ga maigida,

Bayan gaisuwa da tambayar aiki, takardarka ta iso ranar kasuwa. Lafiyata lau, sai dai ƙafafuna sun kumbura, takalmin da ka aiko ya daina shiga. Yaya da mutanen gida suna amsawa.

Yaya ya karanta kafin ya miƙo min, kamar kullum, ya yi ta dariya wai ƙaninsa ya tafi neman arziki ya ɓige da dafa wa Bature tafki. Ni ban yi dariya ba sai da na shiga ɗaki. Na karanta wurin girar Baba Abdulgani ya fi a ƙirga. Don Allah ka riƙa zama kamar yadda ya ce. Ina son ka da girarka biyu.

Da farko Yaya ya ƙi, ya ce haihuwar fari ba a kai ta ƙasar da ba a jin yarenta. Matarsa ce ta tuna masa Goggo jinina ce, ƙanwar babana ce ko da ba uwa ɗaya ba, kuma ita kanta ba ta iya ɗawainiyar wanka da goyo a bayanta. Ya ce to, in Inna Indo mai fatauci za ta kai kayanta Kusiri, tsallaken gadar Injamena, wata mai kamawa na bi ta.

Na fara haɗa kaya. Na daka kanwa da kayan yaji, na wanke zannuwan Inna na ninke. Babbar tukunyar nan ma zan taho da ita, ko da ka ce ruwan zafi ba wuya, don ban yarda da ruwan da Bature ke iyo a ciki ba.

Ka faɗa min, ƙofar ɗakin gabas take kallo ko yamma? Akwai wurin shanya? In na kwanta nakan shirya kayana a cikinsa, na sa gado nan, na sa kwalla can, sai na tuna ban san ko ina tagar take ba na sake rushewa. Rabona da kai tun kafin shuka. An yi girbi, an kai gero rumbu.

Taka,
Hidaya

Injamena, Disamba 1994

Zuwa ga Hidaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Yaya Ladan da kyau. Allah ya sassauta kumburin ƙafa. Ni da sauƙi, ciwon kai ne ya ɗan matsa min kwanakin nan.

Hidaya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Kada ki taho tukuna. Ki kwance kayan, ki zauna a gida har na sake rubutowa.

Ɗakin ne ban gane masa ba. Wutar tukunyar da take shuɗiya ta koma rawaya, tana lilo, kunkunniya ta fara taruwa a saman bango. Da safe nakan tashi kaina kamar an ɗora dutse, sai na fita waje na jima yake saki. Tsakokin da ke yawo a rufi na tsinci wasu a ƙasa a mace, ba wanda ya taɓa su. Akwai abin da aka yi wa ɗakin da kyakkyawar niyya, na warware shi, amma hankalina bai kwanta ba. Ba zan iya rubuta fiye da haka a takardar da ke bi ta hannun manya ba.

Ƙofar gabas take kallo. Akwai igiyar shanya tsakanin darbejiya biyu. Na so a ce wannan kaɗai na rubuto miki.

Muntaka

Azare, Disamba 1994

Maigida,

Ina gaisuwa. Lafiyata tana nan yadda ka bar ta.

Takardarka ta zo, kuma kafin ta saƙon Goggo ya riga ya zo ta bakin wata mai sayar da turare. Wannan amsar ba ta shagon Yaya za ta bi ba, hannu da hannu zan ba yaron motar Ilyasu, don haka zan faɗi abin da ke raina.

Goggo ta ce ta tako tun daga Mursal da tsufanta ta gyara min ɗaki. Ta tarar da kafofi ta ko'ina iska na shiga kamar rumfar kasuwa, ta toshe su da tsumma ta shafe da laka, ɗaki ya yi ɗumi yadda ake so wa mai jego. Ta juya baya ka bi ka farfasa. Ta ce ba ka ko iya gaya mata a fuska ba. Kai ba ka san abin da sanyi ke yi wa mace in ya shige ta a jego ba? Matar Malam Ladan mai kanti, ba Yaya ba, ɗayan, har yau da sanda take tafiya.

Sai ga takardarka, wai tsaka ta mutu. Tun yaushe ake fasa tafiya don tsaka? Ni na taso ina ganin ana kashe ta da takalmi.

Kai ka ce na zo. Na gaya wa kowa, an yi min sallama, har an ba ni gudunmawar sabulu. Yanzu in fita tsakar gida in ce me?

Abin da nake tsoro shi ne wannan. Kakanmu ya fita daga garin nan da ƙafa zai je Makka, ya ce wa kakata ta jira shi. Ya isa inda kake ɗin nan ya tsaya hutawa. Saƙonsa na farko cewa ya yi zai aiko a ɗauke ta. Na biyu ya ce ta dakata tukuna. Babu na uku. A can ya haifi Goggo, a can aka binne shi, kakata kuwa ta mutu tana tambayar fatake. In garin ne ya fara yi maka daɗi ba tare da ni ba, ka faɗa min da baki ɗaya, ka bar tsaka ta huta.

Ban kwance kaya ba. Inna Indo za ta tashi bayan sabuwar shekarar Bature, kuma zan bi ta. In ka ga dama ka tare ni a gada.

Hidaya

Injamena, Janairu 1995

Zuwa ga Hidaya,

Sallama da gaisuwa. Ina roƙon Allah wannan ta riske ki kafin ki hau mota. Taki ta daɗe a hanya, motar Ilyasu ta lalace a Dikwa, sai shekaranjiya ta zo hannuna. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ban ji haushi ba. Laifin takardata ce da ta yi gajarta. Yanzu zan faɗi komai, ko wa zai karanta ya karanta.

Gaskiya ne Goggo ta toshe kafofin, kuma gaskiya ne na buɗe. Ban iya ce mata komai ba don surukata ce, in tana magana ƙasa nake kallo. Amma tun ranar da ta shafe su wutar ta sauya. Na je har unguwar Digel na sami Baba Abdulgani a ƙofar gidansa na kwatanta masa. Bai bari na gama ba ya kama hannuna. Ya ce kafofin nan ba don mutum aka yi su ba, don wutar aka yi, ta nan take shaƙar iska. In ta rasa iska sai ta riƙa fitar da wani hayaƙi da ba a gani, ba ya wari, ba ya sa tari. Barci kawai yake sa mutum, daga nan shi ke nan. Ya ce bututun hayaƙin ma tsatsa ta cinye shi ta ciki tun da daɗewa, kafofin ne suke rufa masa asiri. Na hau na duba, yatsana ya shige.

Na yi tunani, ko na buɗe yau, in kin zo ina bakin aiki za a sake toshewa, don babu tsohuwar da za ta bar mai jego a iska, kuma ke ma ba za ki hana ta ba. Shi ya sa na ce ki dakata.

Ranar Alhamis da ta wuce na kunna tukunya da hantsi, patron ya aike ni canjin kwalabe. Ashe Goggo ta zo a bayana da bokitin laka. Mai gadi ya san ta, ya buɗe mata. Ta sake shafe kafofin tsaf, har da ƙasan ƙofa ta cusa buhu. Ta gaya wa kuku za ta jira ni a ciki ta ji dalilin da ya sa nake raina aikinta. Ta yi azahar ta kishingiɗa a tabarmata.

Da na dawo na ga takalmanta a bakin ƙofa. Na yi sallama, shiru. Na ƙara, shiru. Na tsaya ina jin kunyar tura ƙofa a kan suruka tana barci. Sai idona ya kai kan ɗanyar laka a bango. Na banke ƙofar. Tana kwance ta yi amai, na kira ta ba ta motsa ba. Ni da ko ido ba na haɗawa da ita na sungume ta kamar yarinya na fitar ƙarƙashin darbejiya, na koma da numfashina a riƙe na rufe gas. Matar patron ta fito da rigar wanka, ta ga abin da ke nan, ita ta ja mota da kanta zuwa asibiti.

Goggo ta tashi. An sallame ta, tana gida, sai dai jiri da mantuwa kaɗan. Na je gaishe ta na tsuguna daga nesa. Na fara yi mata bayanin iska da wuta ta ɗaga min hannu. Ta ce ita ba yarinya ba ce, ta san abin da ta gani, ɗakin nan da masu shi, wani ne ya zauna mata a ƙirji. Sannan ta ce, "Kalas, magana ta ƙare. 'Yar ɗan'uwana ba za ta kwanta a wurin nan ba ko da zinariya aka shafe shi." Na ce to, Goggo. Ban ja da ita ba, tunda inda na nufa nan ta sauka.

Patron ya yi faɗa da yarensa har wuyansa ya yi ja, daga baya ya ce zai sa a kawo sabon bututu daga ƙasarsu, amma ba bana ba. Ya hana kowa kwana a ɗakin. Yanzu ƙofa a buɗe nake kunna wuta, ina zaune a waje ina kallon launinta. A rumfar mai gadi nake kwana. Kullum in na tashi aiki ina zaga Digel da Milezi neman ɗaki, ban samu ba tukuna.

Maganar kakanki kuwa, Allah ya ji ƙansa. Shi ya sami abin da ya riƙe shi a nan. Ni abin da ya riƙe ni yana Azare da kumburarrun ƙafafu. Garin nan ban san daɗinsa ba. In na ga mace ta wuce da tulu irin tafiyarki sai na rasa abin da nake yi. Da na so kaina ne da na yi shiru kin zo, na samu ko kwana ɗaya ina jin motsinki ta bayan bango. Na fi son ki haihu nesa da ni, a ba ni labari.

Na roƙi Ilyasu ya duba duk tashar da ya tsaya, ko kin riga kin taso.

Mijinki,
Muntaka

Gambaru, Janairu 1995

Zuwa ga maigida,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ka duba sunan garin da ke sama, ba kuskure na yi ba. Ina lafiya. Muna lafiya.

Mun riga mun taso. A tashar Gambaru Ilyasu ya gan mu, muna jiran motar da za ta tsallaka da mu, ya taho da gudu yana ɗaga takarda. A kan ƙullin kayana na zauna na karanta. Da na zo wurin takalman Goggo a bakin ƙofa sai na kasa ci gaba, don nawa na gani a wurin. Inna Indo ta zaci mutuwa aka yi. Na ce mata a'a, ba a yi ba.

Ban sani ba ko kukan ne ko girgizar hanya, kafin la'asar marata ta ɗaure. Ilyasu ya kai mu gidan da yake sauka. Matar gidan Balarabiyar Shuwa ce, ba na jin maganarta ba ta jin tawa, amma ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. An samu baƙuwa, mace. Ranar Talata ce.

An ce ba a yabon ɗan fari, kuma a gaban mutane ko kallonta ba na yi. Amma wannan takarda ba ta shagon kowa za ta bi ba. Doguwa ce. Kunnuwanka ta ɗauko, har da ɗan lanƙwasar nan ta sama. Ba ta da yawan kuka, sai ta buɗe ido ta yi ta kallon abu ɗaya ta daɗe, ban san inda ta gado wannan ba in ba wurinka ba.

Ana yi min wanka da itace a tukunyar da na ɗauko. Jiya tsofaffin gidan sun shigo min da kaskon gawayi za su rufe taga, na ce a bar ta. Suka yi ta faɗa, Inna Indo na fassara min rabi tana haɗiye rabi. Na ƙara bargo, tagar tana buɗe.

Abin da na rubuta maka a kan kakanmu, ka yafe min. Ka ƙona takardar, amma a waje.

Ka gaishe da Goggo, ka ce 'yarta ta sauka. In jirin ya sake ta ka taho da ita ta karɓi aikinta, matar gidan ta ce akwai wuri har na yi arba'in. An aika wa Yaya, ba lallai ya iso ba. Ilyasu ya ce daga inda kake zuwa nan, in ka tsallaka gada da sassafe ka samu motar Fotokol da ke tsallaken Gambaru, tare za mu yi la'asar. Tun da ka tafi ba mu taɓa yin kusa haka ba, kuma ban taɓa jin nisan kamar yau ba.

Suna ranar Talata mai zuwa. Ladanin unguwa ya yi mata kiran salla a kunne, amma na hana a yi mata huɗuba da kowane suna, na ce ubanta yana hanya. Ka rufe kan kwalba da kyau, ka kashe wutar ka zo. Ruwan Bature ya huce kwana biyu, ba abin da zai same shi.

Taka,
Hidaya